Annoba da Abin da Ta Kan Bari a Baya

Kowane manomi ya san halin fara. In ta sauka a gona ba ta daɗewa, kwana ɗaya ko biyu sai ta tashi. Amma ba ran da ta tashi ɓarnarta ke ƙarewa ba, gama yunwar da ta bari ita za ta zauna da mai gona har wata kakar. To, haka al'amarin annoba ya ke. Mutane su kan ƙidaya waɗanda ta kashe, su mance da waɗanda ta bari da rai amma ba lafiya.

Cututtuka da yawa masu yaɗuwa wata irin ƙwayar cuta ce ke kawo su, wadda likitoci ke kira bairas. Ƙanƙantarta ta kai har madubin likita na kullum ba ya nuna ta. Ba ta iya hayayyafa ita kaɗai, sai ta shiga jikin mai rai, ta sa jikin ya yi ta yin irinta. Jiki kuwa ya kan tashi ya yaƙe ta, galibi ma shi ke rinjaya. Amma garin da aka yi yaƙi a cikinsa, ko an ci nasara, ba a rasa rusasshen bango.

Ga misalai. Shan inna bairas ne. Cikin yara 200 da suka kamu, wajen ɗaya ke shanyewa, shanyewar kuwa ba ta warkewa. Waɗansu da suka yi cutar, bayan shekara 15 zuwa 40 sai sabon rauni ya taso musu a gaɓoɓi. Ƙarambau kuma, in yaro ya warke, ƙwayar ba ta fita, sai ta ɓuya cikin jijiyoyi, ran tsufa ta fito da ƙuraje masu zafi a gefe ɗaya na jiki. Ƙyanda ta kan makantar da yaro, ta kan kuma sa jikinsa ya mance da yadda ya ke tsare kansa daga waɗansu cututtukan da ya riga ya saba da su. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa cikin 1969 a garin Lasa na ƙasar Barno, ya kan kurumtar da wajen ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka kwanta da shi suka tashi.

Cikin Disamba 1919 duniya ta yi shekara ɗaya da fita daga tsananin babbar mura ta 1918. Shekara ɗari daidai bayan wannan, cikin Disamba 2019, wata sabuwar cuta ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin, ita ce korona. Ran 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta zama annobar duniya duka. Ba a daɗe ba likitoci suka lura da waɗansu marasa lafiya da zazzaɓi ya sake su amma ƙarfi bai komo ba. Mutum ya hau matakala kaɗan sai haki, ya yi ɗan aiki yau gobe ya kasa tashi, tunaninsa ya dushe, wani ma ya daina jin ƙanshi. Cikin Oktoba 2021 Hukumar ta ba da bayanin wannan hali, watau ciwon da ke tare da mutum wata 3 bayan kamuwa, ya kuma yi aƙalla wata 2, ba a sami wani dalilinsa ba. Ba tsofaffi kaɗai ya ke kamawa ba, har da matasa waɗanda cutar ba ta kai su asibiti ba.

Da annobar nan ta zo, hukumomi suka rabu hanya biyu. Waɗansu suka ce a hana ta shiga sam. Ƙasar Niyu Zilan ta rufe iyakarta cikin Maris 2020, ta tsare mutane a gida, duk ɗan ƙasa da ya komo daga waje sai an keɓe shi kwana 14. Mutanenta wajen miliyan 5 ne, amma cikin shekarar nan duka mutum 25 cutar ta kashe. Waɗansu kuwa suka ce a bar ta ta bi jama'a sannu a hankali, a dai tsare tsofaffi, kada asibiti ya cika. Suwidin, mai mutum wajen miliyan 10, ba ta tsare mutane a gida ba, cikin wannan shekara ta rasa fiye da 8,000.

Kada mai karatu ya zaci hanyar farko ba ta da wahala. In an rufe kasuwa, ɗan dako da mai talla da wanda sai ya fita ya ke ci, su ke fara shan wuya, yara kuma su rasa karatu. Niyu Zilan ma tsibiri ce, tsaron iyakarta ya fi na ƙasar da ke tsakiyar maƙwabta sauƙi. Ita kanta daga baya ta buɗe, cutar ta bazu sosai cikin 2022. Amma ta sami ribar jinkiri, gama kafin nan yawancin mutanenta sun sha allurar rigakafi, allurar kuwa tana rage mutuwa, tana kuma rage haɗarin doguwar jinyar nan.

Saboda haka duk mai auna shawara a kan annoba, ya wajaba ya sa abu uku a ma'auni: waɗanda za su mutu, da waɗanda tsaro zai talauta, da waɗanda za su rayu da rauni shekara da shekaru. Na ukun nan su ne a ke mancewa, don ba a yi musu jana'iza.

Kai kuma mai karatu, ga naka rabon aikin. Ka kai 'ya'yanka a yi musu rigakafi, gama da ita aka kawar da agana daga duniya, aka shaida haka cikin 1980. In annoba ta zo, ka wanke hannu da sabulu, ka buɗe taga iska ta ratsa ɗaki, mai tari ya nisanci taro. In ɗan'uwanka ya tashi daga jinya ya ce har yanzu ba shi da ƙarfi, kada ka ce masa rago. Ka bar shi ya huta, ka kai shi wurin likita.