Coci da Ɗakin Gwaje-gwaje: Addini da Karatun Kimiyya Tsakanin Ɗalibai Baƙar Fata a Amurka

A shekarar 1867 aka buɗe wata ƙaramar makaranta a ɗakin ƙarƙashin cocin Springfield Baptist da ke garin Augusta a jihar Jojiya. Ita ce daga baya ta zama Kwalejin Morehouse. A 1881 aka tara mata kaɗan a ƙarƙashin cocin Friendship Baptist a Atlanta, daga nan Kwalejin Spelman ta samo asali. Jami'ar Wilberforce ta jihar Ohayo, wadda aka kafa a 1856, ta koma hannun cocin baƙar fata na AME a 1863, kuma Bishop Daniel Payne ya zama shugabanta. Dalilin wannan a bayyane yake. A zamanin bauta, jihohin kudu da dama sun haramta koya wa bawa karatu, kuma da aka soke bautar a 1865, coci ne kusan kaɗai ginin da 'yantattun bayi ke da iko da shi. A can aka fara rataye allo, a can aka fara koyar da lissafi.

Har yau wannan jama'a tana riƙe da addini fiye da sauran Amurkawa. Binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2021 ya nuna kashi 97 cikin ɗari na baƙaƙen fatar ƙasar sun yi imani da Ubangiji ko wani iko na sama, kashi 59 kuma sun ce addini na da matuƙar muhimmanci a rayuwarsu. To, dubi gidan da ɗalibin kimiyya zai shiga. Da cibiyar ta tambayi masana kimiyya na Amurka a 2009, kashi 33 ne kawai suka ce sun yi imani da Ubangiji, kashi 41 suka ce ba su yarda da shi ko wani iko na sama ba. Yarinyar da ta taso tana rera waƙa a coci duk Lahadi, wadda ikilisiya ta yi wa karo-karo ranar da za ta tafi jami'a, za ta tarar da kanta baƙuwa ta fuska biyu: ga launin fata, ga imani. Baƙar fata kashi 7 ne kacal na waɗanda suka sami digirin farko a fannonin kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi a 2018, don haka ba wuya ta waiga a aji ta ga ita kaɗai ce.

Inda aka fi samun tsamin dangantaka shi ne ajin ilimin halittu, musamman darasin juyin halitta na Darwin. Elizabeth Barnes da Sara Brownell, waɗanda suka yi aiki tare a Jami'ar Jihar Arizona, sun daɗe suna nazarin wannan. Abin da suka gano shi ne, bambancin da ake gani tsakanin ɗalibai baƙar fata da farare wajen karɓar ka'idar yana da alaƙa sosai da ƙarfin riƙo da addini, kuma ɗalibai masu imani da yawa kan ɓoye imaninsu don kada a raina basirarsu. Sun kuma nuna cewa idan malami ya ɗan tsaya ya bayyana cewa akwai masana masu addini da suka karɓi ka'idar, jin cewa dole a zaɓi ɗaya a bar ɗaya yana raguwa.

Sai dai wanda ya ɗauka gardama kan nassi ce kawai bai san tarihin ba. A 1839 wani likita na Filadelfiya, Samuel Morton, ya wallafa littafi kan awon ƙoƙon kan mutane, ya jera jinsuna daga sama zuwa ƙasa, ya sa baƙar fata a can ƙarshe. Wasu manyan masana na lokacin, irin su Louis Agassiz na Jami'ar Harvard, har cewa suka yi asalin baƙi da farare ba ɗaya ba ne. Waɗanda suka tsaya suka ce 'yan Adam duk tsatso ɗaya ne, da yawansu limaman coci ne, da Littafi Mai Tsarki a hannu. Lokaci ya nuna su ne ke da gaskiya.

A 1906 aka kai wani saurayi ɗan ƙasar Kwango, Ota Benga, gidan namun daji na Bronx a birnin New York, aka ajiye shi a ɓangaren birai don 'yan kallo. Fastoci baƙar fata ne suka tayar da jijiyar wuya, a gaba-gabansu akwai Rabaran James Gordon, har aka fitar da shi. Sannan daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta riƙa bibiyar maza baƙar fata 399 masu ciwon tunjere a yankin Tuskegee na jihar Alabama, ba a gaya musu ainihin ciwonsu ba, ba a kuma ba su magani ba ko bayan da aka samu fenisilin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Kakar da ke gargaɗin jikanta kan masu farar riga tana magana ne daga abin da ya faru da danginta, kuma a ganina duk malamin kimiyyar da ya kira wannan jahilci ya yi mata rashin adalci.

George Washington Carver ya ɗanɗani wannan tsaka-mai-wuya tun da wuri. Ya fara aiki a makarantar Tuskegee a 1896, ya shahara da binciken gyaɗa da dankali da hanyoyin farfaɗo da ƙasar da noman auduga ya gajiyar, kuma ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da Littafi Mai Tsarki ga ɗalibai ranar Lahadi. A 1924, bayan ya faɗa a wani taro cewa Ubangiji ne ke yi masa jagora a bincikensa, jaridar New York Times ta rubuta sharhi tana sukarsa, tana cewa masana kimiyya ba sa irin wannan magana. Katherine Johnson, wadda ta duba lissafin tafiyar John Glenn zuwa sararin samaniya a 1962, ta yi kusan shekara 50 a ƙungiyar mawaƙan cocinta a Bajiniya, ba tare da ɗaya aikin ya hana ɗaya ba.

Addinin da ke jawo wa ɗalibi kallon raini shi ne kuma yake riƙe shi idan tafiya ta yi tsanani. Faɗuwa jarrabawar kemistiri a shekarar farko ta kori mutane da yawa daga kimiyya. Ɗalibin da ke da ƙungiyar addu'a, da faston da zai kira shi, da dattijan da ke jiran ranar yaye shi, yana da abin dogara. Jami'ar Xavier ta New Orleans, wadda Katharine Drexel da 'yan'uwanta mata masu zuhudu na ɗariƙar Katolika suka kafa a 1925, ƙarama ce, amma ta daɗe tana sahun gaba wajen tura baƙar fata makarantun likitanci. Jami'o'in baƙar fata na tarihi ba su fi ɗari da 'yan kai ba, duk da haka kusan ɗaya cikin huɗu na baƙaƙen da suka yi digirin digirgir a kimiyya da injiniyanci a can suka yi digirin farko.

Akwai wani tasiri da ba a cika lura da shi ba. Coci na koyar da cewa ilimi amana ce da za a mayar wa jama'a, kuma aiki kira ne daga Ubangiji. Wannan tarbiyya na karkata hazikan yara zuwa likitanci, jinya da haɗa magunguna, inda amfanin ke bayyane ga kowa. Abu ne mai kyau, ga kuma buƙata. Amma yaron da zuciyarsa ke kan fiziks ko lissafi mai zurfi yakan sha wuya kafin ya bayyana wa ikilisiya wa zai taimaka da shi, kuma fannonin nan ne baƙar fata suka fi ƙaranci.

Ba duk ɗaliban ne Kiristoci ba. Kusan ɗaya cikin biyar na Musulmin Amurka baƙar fata ne, ciki har da 'ya'yan waɗanda suka je daga Najeriya, Senegal da Somaliya. Nasu ƙalubalen ya haɗa da ajin gwaji da ya faɗo daidai lokacin Juma'a, da jarrabawa cikin azumi, da neman wurin alwala.

Freeman Hrabowski na da shekara 12 a 1963 lokacin da ya ji Martin Luther King yana magana a coci a Birmingham, yana zaune a baya yana aikin lissafinsa. Ya shiga zanga-zangar yara ta neman 'yancin baƙar fata, aka tsare shi. Ya girma ya karanta lissafi, kuma a 1988 shi da attajiri Robert Meyerhoff suka kafa wani shiri a Jami'ar Maryland ta gundumar Baltimore, wanda ke haɗa ɗaliban kimiyya su yi karatu a ƙungiya, kowa na sa ido kan ɗan'uwansa, manya kuma na bibiyarsu. Cikin waɗanda shirin ya yaye akwai Kizzmekia Corbett, wadda ta taka babbar rawa wajen samar da rigakafin korona na Moderna, sannan ta riƙa ganawa da jama'ar coci-coci na baƙar fata tana amsa tambayoyinsu kan allurar.