Kunyar Ɗan Fari da Yaye: Wa Zai Rarrashi Yaro Yau?

 Maganarmu ta yau a kan al'adu biyu ce da kowa ya tashi ya tarar, watau kunyar ɗan fari da kuma yadda muke yaye.

Kowa ya san yadda abin yake. Yarinya ta je goyon ciki gidan iyayenta, ta haihu, ta yi wankan jego na kwana 40, amma ba ta faɗin sunan abin da ta haifa, sai dai ta ce "yaron nan". Ba ta yi masa wasa a gaban mutane. In ya yi kuka surukarta na tsakar gida, sai ta kau da kai har a ce mata ta ɗauke shi. Uban ma haka, ko ya fi. Sa'an nan in yaro ya kusa shekara 2, rana ɗaya sai a kai shi wurin kakarsa, a shafa wa nono abu mai ɗaci, a karɓo rubutu wurin malam don ya manta.

Kada mai karatu ya zaci mutanen dā ba su da tausayi. Sun yi wa abin dabara. A gidan gandu, in uwa ta janye hannu, akwai hannuwa da yawa da ke jira. Kaka ta goya shi, ta kira shi mijinta, ta ɓoye masa ƙanzo, da dare ta yi masa tatsuniya har barci ya kwashe shi a cinyarta. Ga goggo, ga kishiyar uwa, ga yayye. Sau da yawa ma riƙonsa ake bai wa wata ɗungum. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau wadda Baturiya Mary Smith ta rubuta labarinta aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi har ta aurar da su. Ashe ɗan fari bai rasa uwa ba, musanya masa ita aka yi.

Likitoci sun binciki wannan al'amari. A 1951 wani likitan Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a kan yaran da suka rabu da iyayensu, ya nuna cewa abinci da sutura ba su isa ba, ƙaramin yaro yana bukatar mutum guda tsayayye wanda zai shaƙu da shi. Daga shekarar 2000 kuma aka bi diddigin yara 136 na gidajen marayu a birnin Bukares na ƙasar Romaniya. Aka ba da rabinsu riƙo a gidajen mutane, sauran suka zauna inda suke. Waɗanda aka ba da riƙonsu sun fi sauran natsuwa da kaifin hankali, musamman waɗanda aka ɗauka kafin su cika shekara 2. Lura fa, ba mahaifiyarsu aka mayar musu ba. Mai riƙo aka ba su, irin kakanninmu.

To, ga inda gizo ke saƙa. Gandu ya watse a gidaje da yawa. Saurayi ya yi aure ya ware tukunyarsa, ko ya kama ɗakin haya a Gaya ko a birnin Kano. Da an kai gero da dawa rumbu, maigida ya tafi cirani sai damina. Kaka tana can nesa, ko ta tsufa, ko ta riga mu gidan gaskiya. Amma kunyar tana nan daram. Sai a bar yaro a ɗaki da uwar da aka koya mata kada ta yi masa fara'a, ba kuwa wani mai yi masa. A yaye shi rana ɗaya, a kai shi gidan da bai saba da kowa ba. Ya ƙi abinci, ya rame, ya daina magana, ko ya koma fitsarin kwance, sai a ce maita ce ko iska, alhali kewa ce ke cinsa.

Malamanmu sun san addini bai ɗora mana wannan ba. Ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis. Da Aƙra'u ya ce shi 'ya'yansa 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi bai yaba masa ba, ya nuna masa rashin jin ƙai ne. Ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Yakan taƙaita salla in ya ji kukan jariri, don ya sauƙaƙa wa uwar. Wa ya kai shi kunya?

Ba mu ce a zubar da kara ba. Uwar da ba ta iya faɗin sunan ɗanta a gaban surukai, ta yi masa laƙabi, amma in sun shiga ɗaki ta rungume shi, ta dube shi ido da ido, ta amsa masa gwarancinsa. Yaye kuwa a bi shi sannu. A fara rage shan rana, a saba masa da kunu da fate a hannun wadda za ta karɓe shi, tun makonni kafin ranar. In an kai shi, uwa ta riƙa leƙawa, kada a ce sai ya manta da ita.

Iyaye maza su ne suka fi wuyar sha'ani. Yaro ya zo da kuka a ce masa namiji ba ya kuka, tun ba a ji abin da ya same shi ba. Tambayarsa ba ta rage wa uba kwarjini. Bayan sallar isha, a kan tabarmar ƙofar gida, uba ya zaunar da ɗansa ya ji abin da aka yi a makarantar allo, da wanda ya doke shi, da abin da yake tsoro. Wanda ke cirani kuma, in ya bugo waya yana tambayar awaki da kuɗin taki, ya ce a miƙa wa yaron nan su gaisa.