Hoto Ya Yi Tafiya, Majinyaci Ya Huta

Tun daga shekarar 1895, lokacin da wani masani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano hasken da ke ratsa jikin mutum har a ga ƙashi, likitoci suka sami hanyar leƙa cikin majinyaci ba tare da wuƙa ba. Amma ɗaukar hoton daban, karanta shi daban. Sau da yawa asibitin karkara yakan mallaki na'ura, alhali gwanin da zai fassara hoton yana can babban birni.

A da, sai a ɗora wa majinyaci wahalar tafiya da hotonsa a hannu, ga kuɗin mota, ga ciwo yana ƙara cin jiki. Yanzu kuwa hoton ne ke tafiya. Ana ɗaukarsa a kwamfuta, a aika ta intanet, gwani ya duba daga inda yake, ya rubuto rahoto ga likitan da ke jinya.

Abin da ya sauƙaƙa wannan aiki shi ne ƙa'idar DICOM, wadda aka tsayar a 1993. Bisa ga wannan ƙa'ida, kowane hoto yana tafiya tare da sunan majinyaci da ranar ɗauka da ma'auninsa, yadda na'urar wani kamfani za ta iya buɗe abin da ta wani kamfanin ta ɗauka.

Ƙasar Mali ta ba da misali mai kyau. A 2005 ta fara wani shiri mai suna IKON, wanda ya haɗa asibitocin Mopti da Sikasso da Tambutu da gwanayen asibitin Point G na Bamako. Watau mutumin Tambutu ya sami hukuncin gwani ba tare da ya bar garinsu ba.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Dole a sami wutar lantarki tsayayya da layin sadarwa mai ƙarfi, domin hoton na'urar CT guda yakan ƙunshi ɗaruruwan yanka. Dole a horar da masu ɗaukar hoto, gama hoton da ya ɓaci ba gwanin da zai gyara shi daga nesa. Haka kuma wajibi ne a tsare asirin majinyaci, a kuma fayyace wanda alhaki zai hau kansa idan an yi kuskure.

Wannan aiki ne na ma'aikatun lafiya, kuma fage ne ga ɗalibanmu. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.