Wa Zai Kai Kukan Ƙasar Ruma Teburin Masu Tsara Manufar Ilmi?

Hausawa na cewa tsintsiya ɗaure take shara. Jami'o'in duniya sun daɗe da gane haka. Tun 1900 manyan jami'o'in bincike na Amurka suka kafa ƙungiyarsu, wadda ofishinta ke birnin Washinton, kusa da majalisar dokoki, tana bin diddigin kasafin kuɗin kimiyya. Na Birtaniya suka yi tasu a 1994, wadda ake kira Russell Group. Dabarar ba wata boyayya ba ce: shugaban jami'a ɗaya in ya je wurin minista maroƙi ne, amma ashirin in suka je da takarda ɗaya da alƙaluma a hannu, dole a ba su kujera.

A nan gida Kwamitin Shugabannin Jami'o'in Nijeriya ya samo asali tun 1962. Sai dai, gaskiya ɗaya ce, babbar nasarar da aka ci a wannan fage ƙungiyar malamai ta ASUU ce ta ciwo ta, da yajin aiki. Yarjejeniyar da ta ƙulla da gwamnatin Janar Babangida a 1992, lokacin Attahiru Jega na shugabancinta, ita ta haifi Doka ta 7 ta 1993, wadda ta ɗora harajin kashi 2 cikin ɗari a kan ribar kamfanoni don ilmi. Asusun ne ya zama TETFund a 2011, kuma mai karatu zai ga sunansa a jikin gine-gine da yawa a duk jami'ar gwamnati da ya shiga. Da ƙudurin gyaran haraji na 2024 ya zo da shirin yanke wa asusun kasonsa daga 2030, sai jami'o'i suka yi ca. Dokar da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta bar masa rabin sabon harajin raya ƙasa.

To, amma duk wannan kokawa a kan kuɗi ce da albashi da gini. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: binciken me za a yi da kuɗin, kuma don wa?

A nan ne ƙasar Ruma ta shigo. Tun shekarun 1960 gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe dajin Ruma da Kukar Jangarai a matsayin makiyaya, tare da taimakon Amurkawa, aka haƙa madatsun ruwa, aka tsara kiwo. Sannu a hankali aka yi watsi da shirin, gonaki suka ci burtali, madatsu suka cike da yashi. Abin da ya biyo baya a Batsari da Safana da bakin dajin Rugu, musamman daga 2019, ba sai an faɗa wa kowa ba: ƙauyuka sun watse, makarantu sun rufe, manomi ya bar gonarsa. Ƙasar da ta yi suna da jarumtar Ɗanwaire ta koma ƙasar gudun hijira. Ita kanta Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, da aka kafa a 2011 maƙwabciyar Safana, ba ta tsira ba, domin a watan Oktoban 2023 an sace ɗalibanta mata biyar.

Ba a rasa masana da suka yi rubutu kan wannan ba. Matsalar ita ce kowa nasa yake yi, ya samu ƙarin girma, kundin ya kwanta a kanta yana shan ƙura. Nawa ne ya rage na makiyayar? Yara nawa suka bar makaranta, kuma ina suke? Me ya hana ruwan madatsar Zobe, da aka gama tun 1983, ya wadaci noman rani? Babu wata murya ɗaya ta jami'o'i da ke ajiye amsoshin nan gaban kwamitin majalisa a ranar sauraron ra'ayin jama'a. Ko ƙawancen jami'o'in bincike na Afirka da aka ƙaddamar a Dakar a 2015, jami'o'in Nijeriya uku da aka kafa shi da su, Ibadan da Legas da Ife, duk na Kudu maso Yamma ne. Wannan ba laifinsu ba ne, mu ne ba mu shirya ba.

A ganina abin da ya kamata bai fi ƙarfinmu ba. Jami'ar Dutsinma da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa da Alƙalam su haɗa kai da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ta dabbobi da ke Shika. Su buɗe ƙaramin ofishi na dindindin, su nemi tallafin bincike na TETFund da takarda ɗaya, su riƙa fitar da rahoton shekara kan ƙasa da kiwo da makarantun yankin kafin a gabatar da kasafi. A yi shi da Hausa da Fulatanci ma, a kai kwafi fadar Sarkin Ruma da ta Yariman Katsina, a karanta shi a rediyo, yadda ɗan majalisar da ke wakiltar Batsari da Safana da Ɗanmusa zai tarar mutanensa sun riga shi sanin abin da ke ciki.