Yadda Masana Ke Duba Lafiyar Kifi a Tafkin Kainji

Gabatarwa

A gidan masunta na tashi, kuma tun ina yaro nake jin dattawa na kukan cewa kifi ya ragu. Wannan ya sa na riƙa tambayar kaina: shin ta yaya ake sanin yawan abin da ke ƙarƙashin ruwa, balle lafiyarsa? A wannan ɗan taƙaitaccen rubutu zan yi ƙoƙarin amsa tambayar, tare da kafa misali da Tafkin Kainji.

Asalin Binciken

Tafkin ya samu ne a 1968, lokacin da aka datse Kogin Kwara domin samar da wutar lantarki. A shekarar ce aka fara aikin nazarinsa a New Bussa, ta Jihar Neja a yau, aikin da daga baya ya zama cibiyar ƙasa ta binciken kifin ruwan daɗi. Tun farko masana sun lura cewa da ruwa mai gudu ya koma kwantacce, sai wasu kifayen suka ja baya, wasu kuma, irin su karfasa, suka bunƙasa.

Yadda Ake Binciken

Ba a ƙirga kifi ɗaya bayan ɗaya. Abin da masana ke yi shi ne su zaga ƙauyukan bakin ruwa su ƙirga masunta da kwale-kwale da komaye, sannan su auna kamun da ake saukewa a wasu zaɓaɓɓun mashigai. Idan masunta sun ƙaru, aiki ya ƙaru, amma abin da kowane kwale-kwale ke kawowa na raguwa, to alama ce an fi ƙarfin tafkin.

Ta fuskar lafiya kuwa, ana gwada tsawon kifi da nauyinsa, domin ramammen kifi shaida ce ta yunwa ko cuta. Ana ɗaga murfin kunnensa a duba naman da yake numfashi da shi; na lafiyayye ja ne jawur. Ana farke ciki a ga abin da ya ci, a nemi tsutsotsi, a kuma duba ƙwai don sanin girman da yake kaiwa kafin ya fara haihuwa. Wannan awon ne ke nuna faɗin idon komar da ya dace, domin koma mai ƙananan idanu na kwashe kifi tun bai hayayyafa ba. Haka kuma ana auna iskar da ke narke cikin ruwa, a kuma bincika guba irin gamalin da wasu ke zubawa.

Kammalawa

Ina ruwan ɗalibin harshe da wannan? Masani da sunan Latin yake rubutu, masunci kuwa giwan ruwa da tarwaɗa da ƙurungu da yauni da gaiwa ya sani, kuma suna kan bambanta daga gari zuwa gari. Idan aka rikita suna, ƙidaya ta ɓaci. Don haka nake kira gare mu, 'yan'uwa ɗalibai, mu tunkari Sarkawa da sauran masunta mu taskace waɗannan sunaye, tun dattawan da suka san su na raye.