Biro Na Nan Daram, Alƙalamin Gamba Muka Yasar

Tun da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a 2025 cewa jarrabawar WAEC da NECO za ta koma kan kwamfuta, wasu suka shiga shelar wai zamanin biro ya ƙare. Garaje ne. JAMB ta koma kwamfuta baki ɗaya tun 2015, amma har gobe a banki za ka ga dattijo da babbar riga yana bin layi yana cewa, "Yaro, ara mini bironka."

Zaɓen biron aljihu ba ya buƙatar dogon lissafi. A nemi gajere wanda zai nutse a aljihun kaftani, mai maƙali mai ƙarfi. Kaweco Sport na Jamus kimanin santimita 10 ne a rufe, sai an soka murfin a gindinsa ya cika hannu. Bic Cristal, wanda ya fito a Faransa a 1950, ya fi araha, sai dai dogo ne, kuma biro mai arha in ya sha zafin bazara yakan yi aman tawada a farar shadda.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Kafin László Bíró ya yi rajistar biron da ya ƙirƙiro a 1938, malamanmu sun yi ƙarnuka suna yawo da alƙalaminsu. Karan gamba ne, a fere shi da aska, a tsaga bakin kaɗan don ya riƙe tawada. Zige, ta gawayi da ƙaro, ita ce ta allo, domin tana wankuwa. Yambari kuwa, wadda ake haɗawa da bagaruwa, ta takarda ce, tana kama ta ƙam. Da irin wannan alƙalami Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma rubuce-rubucen zamaninta suna nan ana karanta su a Sakkwato da Gidan Arewa na Kaduna.

Yau ɗalibai nawa ne a sashen Hausa na jami'o'inmu suka iya fere alƙalami? Hukumomin tarihi da al'adu na jihohinmu, me kuke jira? Ku aika ma'aikata tsangayu, su zauna gaban alarammomi, su rubuta yadda ake dafa yambari, su ɗauki hoton kowane mataki tun masu sanin suna raye.