Tsarin Jikin Ɗan Adam da Kalmomin Asibiti: Bayani ga Mataimakan Masu Jinya

Sanin kowa ne cewa a asibiti babu wanda ya fi daɗewa a gefen gadon majiyyaci kamar mataimakin mai jinya. Likita yakan zo zagaye ya wuce, nas kuma tana da gadaje masu yawa da take kula da su, amma mataimaki shi ne mai yi wa majiyyaci wanka, da juya shi, da ba shi abinci. Saboda haka shi yakan fara jin kukansa, shi kuma yakan fara ganin canji a jikinsa. Abin da ya gani ɗin kuwa ba zai yi amfani ba sai ya iya faɗinsa daidai, watau ya ambaci wurin da ciwo yake da sunan da kowane ma'aikaci zai gane. Wannan ba ya samuwa sai da sanin tsarin jiki da kalmomin da ake kiran sassansa da su.

Yadda Aka Gina Jiki

Ana iya kwatanta jiki da ginin gida. Mafarin gini tubali ne, mafarin jiki kuwa ƙwayar halitta ce, wadda ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Wani masani ɗan Ingila, Robert Hooke, shi ya fara bayyana irin waɗannan 'yan ɗakuna a shekarar 1665, bayan ya duba ɓawon wani itace da madubi.

Kamar yadda tubala ke haɗuwa su zama bango, haka ƙwayoyi iri ɗaya ke haɗuwa su zama saƙar nama. Saƙar nan iri huɗu ce. Akwai mai rufi, irin ta bayan fata da shimfiɗar cikin baki da hanji. Akwai mai haɗawa da tallafi, irin su ƙashi da guringuntsi da kitse, har da jini. Akwai tsoka, mai kawo motsi. Ta huɗu ita ce saƙar jijiyoyin saƙo.

Idan saƙa iri dabam dabam suka haɗu domin aiki guda, sai su zama sashe mai aiki na musamman, kamar zuciya ko hanta ko ƙoda. Wannan shi ne matsayin ɗaki a gida. Sassan da ke taimakon juna kuma su ne rukuni. Alal misali, baki da maƙoshi da tumbi da hanji da hanta suna cikin rukunin narkar da abinci. Zuciya da hanyoyin jini rukuni ne guda, mai zagaya da jini wajen lita 5 a jikin baligi. Ƙasusuwa 206 su ne ginshiƙan da ke riƙe da ginin duka. Tun da yake rukunan nan sun dogara da juna, ciwon sashe ɗaya yakan bayyana a wani wuri: zuciya ta raunana ƙafafu su kumbura, hanta ta kamu idanu su yi rawaya.

Inda Kowane Sashe Yake

Ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon kai, laka kuma ta sauko daga gare ta ta bi cikin ƙashin baya. Cikin kogon ƙirji, wanda haƙarƙari 12 a kowane gefe suke karewa, akwai zuciya da huhu biyu. Wani faifan tsoka ya raba ƙirji da kogon ciki, shi ne kuma babban mai jawo numfashi.

Domin sauƙin bayani, ma'aikatan asibiti sukan raba ciki kashi huɗu, da layi ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, su gicce a cibiya. Hanta da madaciya suna sama ta dama. Saifa da yawancin tumbi suna sama ta hagu. Ɗan reshen hanjin nan da ake kira afendis yana ƙasa ta dama. Ƙoda biyu suna can baya, ɗaya a kowane gefen ƙashin baya, mafitsara da mahaifa kuwa suna cikin mara.

A nan akwai ƙa'ida wadda ba a saɓa mata: dama da hagu na majiyyaci ake nufi, ba na mai dubansa ba. Wanda ya tsaya yana fuskantar majiyyaci, damansa tana daidai da hagun majiyyacin. Duk bayanin asibiti ana yinsa ne kamar mutum yana tsaye, fuskarsa gaba, hannuwansa a gefe, tafukansa suna kallon gaba, ko da kuwa a kwance yake.

Kalmomin Likitoci

Yawancin kalmomin da ake rubutawa a katin majiyyaci daga harshen Girka da Latin aka samo su. A shekarar 1895 masana suka taru a birnin Basel na ƙasar Suwizalan suka amince da jerin sunayen sassan jiki da Latin, an kuma sha yi wa jerin gyara tun daga lokacin. Amfanin haka shi ne likitan Enugu da na Sakkwato su kira abu ɗaya da suna ɗaya.

Kalmomin suna da tsawo, amma haɗe-haɗe ne, wanda ya san gutsattsarinsu zai warware su. Saiwar kalma ita ke nuna sashen jiki: hepat hanta ke nan, gastr tumbi, nephr ƙoda, cardi zuciya. Ƙarshen kalma yana nuna abin da ya sami sashen: itis kumburi, ectomy kuwa cirewa ta hanyar tiyata. To, hepatitis kumburin hanta ke nan, nephrectomy kuma cire ƙoda. Farkon kalma yakan nuna yawa ko ƙaranci: hyper abin da ya wuce kima, hypo abin da ya gaza. Waɗannan biyun suna kama da juna a ido da kunne, amma hatsarin rikita su babba ne. Mai ciwon sukari wanda sukarinsa ya faɗi abin zaƙi yake bukata nan take. In aka yi masa allurar rage sukari bisa kuskure yana iya rasa ransa.

Daga Bakin Majiyyaci Zuwa Kunnen Likita

Hausa tana da sunan kusan kowane abu na kayan ciki, duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya san su. Sai dai waɗansu kalmomin suna ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya. Jijiya tana nufin hanyar jini, tana nufin igiyar saƙo, tana kuma nufin abin da ya ɗaure tsoka da ƙashi. Tashin zuciya jin amai ne, ba shi da alaƙa da zuciyar da ke bugawa a ƙirji. Ciwon ciki kuwa ya haɗa cututtuka barkatai, daga ƙwannafi har zuwa abin da ke bukatar tiyata a ranar.

Don haka wajibi ne mataimaki ya roƙi majiyyaci, cikin ladabi, ya ce, “Baba, nuna mini wurin da yatsa ɗaya.” Sa'an nan ya tambayi lokacin da ciwon ya fara, da ko ya tashi daga wani wuri ya koma wani. Ciwon da ya fara a cibiya ya sauka ƙasa ta dama yana iya zama kumburin afendis. Nauyin ƙirji mai bi ta hannun hagu ko muƙamuƙi yana iya zama na zuciya. Matar da ta yi ɓatan wata kuma ta ji suka mai tsanani a gefen mara, a kai maganarta wurin likita ba tare da jinkiri ba.

Har wa yau ya kamata ya san ma'aunin baligi mai lafiya sa'ad da yake hutawa: bugun zuciya 60 zuwa 100 a minti ɗaya, numfashi 12 zuwa 20, zafin jiki wajen digiri 37.

Gano cuta da rubuta magani aikin likita ne. Aikin mataimaki shi ne ya lura, ya kai rahoto ga nas da sauri, ya faɗi wuri da gefe da lokaci. In ya ga kalmar da bai gane ba a kati, lalle ya tambaya kafin ya taɓa majiyyaci, gama matambayi ba ya ɓata.